Ranar da Na Lasa wa Kakana Ƙasa

Duk lokacin sanyi, idan motar council, wato ƙaramar hukuma, ta watsa gishiri a titunan Birmingham saboda ƙanƙara, takalmina yakan dawo gida da farin zane a gefensa. Mutane gogewa suke yi su wuce. Ni kuwa sai in zauna in zuba masa ido, domin na san wannan farin tun ban fara ɗaura zani ba.

Ban shiga aji ba sai da furfura ta fito mini, kuma ba na jin kunyar faɗa. A unguwar Sparkhill ne, a saman wani ɗakin karatu, ajin manya, a shekarun da gwamnati ta ɗaure bakin aljihu, yau a rufe nan gobe a rufe can. Wata rana malamarmu ta kawo mana labarin Sumeriyawa, mutanen da suka zauna a kudancin Iraƙi tsakanin koguna biyu, tun kafin zamanin Annabi Ibrahim. Ta ce su ne suka fara gina birane, suka yi rubutu da kara a kan ɗanyen yumɓu, kuma daga lissafinsu aka samo raba awa gida sittin. Ina ta gyaɗa kai kawai, har ta nuna hoton wani mutum a bakin ruwa, da dogon itace bisa gwafa, guga a gaba, dutse a baya. Na ce da ƙarfi, ai wannan jigo ne! Ajin ya kwashe da dariya. Sai ta ci gaba, ta ce ban ruwan da ya ciyar da su shi ne ya cuce su. Ruwa ya shiga gona, rana ta shanye shi, ya bar gishiri. Alkama ta ƙi, suka koma sha'ir, a hankali ƙarfin ƙasar ya koma arewa. Nan dariyata ta tsaya.

Kakana na wajen uba manomin rani ne. Garkarsa tana bakin kogi, fangali bayan fangali na alkama da albasa. Da asuba kukan jigonsa ne yake tashe mu, wani ƙiii mai tsawo, sannan ka ji ruwa ya zube a kwalbati. Idan alkama ta fitar da kai, iskar wurin ƙanshin ɗanyen gari take yi. A gidanmu ba a sayen alkaki, kuma taliyar sallah ta garkarmu ce. Da damina kogin yakan cika ya hau garkar ya kwana a kanta, ya janye ya bar baƙar laka. Kaka yakan ce kogin ya zo yi wa ƙasa wanka.

Yana da wata al'ada. Kafin ya yi iri, sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasa da yatsa ya ɗora a harshe, ya yi shiru kamar mai sauraron magana. Daga nan ne zai ce a shuka ko a dakata.

Sai aka tare kogin can sama da mu. Ba wanda ya zo ya faɗa mana, daminar ce kawai ta zo ta wuce ruwa bai hau ba. A shekarun nan ne kuma idon Kaka ya tafi, wani zazzaɓi ya biyo baya ya ɗauke masa ɗanɗano, har tuwo da magani suka zama ɗaya a bakinsa. Ya koma zaman zaure. Babana da baffana suka karɓi jigo.

Ni nake kai musu fura garka, saboda haka na ga abin da idona. Farin abu ya fara fitowa a bakin fangali kamar an barbaɗa kanwa. Alkama ta tsiro ta yi ja ta ƙone tun tana ƙarama. Shekara ta zagayo, farin ya ƙara faɗi. Amma da yamma baffana zai zo zaure ya durƙusa ya ce, “Baba, bana alkama ta yi kyau, sai hamdala.” Da lokacin girbi ya yi, suka sayar da akuyar innata suka auno alkama a kasuwar wani gari, suka zuba masa a tafin hannu. Ya murza, ya sa musu albarka. Gidan gaba ɗaya aka haɗa baki, har da mata. Suka ce in ya ji gaskiya zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Kada ka ce mugaye ne. Baffana ya samu aikin gadi a birni, babana ma yana son bin sa, amma ba mai iya barin garka tsoho yana raye yana zaton tana ciyar da mu. Sai suka zauna suna ta ɗaga guga suna zuba ruwa a ƙasar da ta mutu, don kawai ya ji kukan jigo daga zaure. Tuwonmu yana raguwa. Ƙanena ya fara kumburin ciki.

Wata rana da hantsi, maza sun tafi jana'iza ƙauyen gaba, Kaka ya kira ni. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa angon da ba haƙori.

“Amarya, zo ki ja mijinki yawo.”

“Wa zai fita da kai a gan shi? Sai ka sayo mini ɗan kunne.”

“Ja ni garka, ɗan kunne na nan tafe.”

Na riƙe sandarsa muka gangara. Da muka isa ya tsaya, ƙasar tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tsuguna da ƙyar, ya ɗebo da yatsa, ya kai bakinsa don sabo, sai ya tuna. Ya miƙo mini yatsan.

“Lasa ki faɗa mini.”

Innata ta riga ta ja mini kunne. Na san abin da ake so in ce. Na lasa, harshena ya yi zafi.

“Gishiri ne, Kaka. Har da ɗaci.”

“Alkamar fa?”

“Babu alkama. Ta kasuwa ce suke kawo maka.”

Bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya daɗe a tsugune yana shafa ƙasar kamar bayan dabba marar lafiya. Can ya ce, “Ashe ke kaɗai na aura a gidan nan.”

Da yamma ya tara 'ya'yansa ya ce su kwance jigo, su tafi inda abinci yake. Itacen kuma a ajiye masa, a sassara a rufe kabarinsa da shi. Na sha duka ranar, na innata daban, na baffana daban. Kaka bai kai damina ba. A wurin zaman makoki wata gwaggona ta nuna ni ta ce ga wadda ta kashe shi da baki. An daɗe ana faɗa mini haka, kuma har yau ban karɓa ba. Mutum ya tambaye ni abin da ke cikin ƙasarsa, na faɗa masa. Ƙanena ya rayu, a birni ya girma.

Sumeriyawa ko ba komai sun bar yumɓunsu, ana tono shi ana karantawa, har wata tsohuwa irina ta ji labarinsu. Mu ba mu bar komai ba. Ajin namu ma an rufe shi kafin mu gama littafin, muka zo wata safiya muka tarar da ƙofa a garƙame.

Yanzu nawa idon ne yake tafiya, likita ya ce ciwon sukari ne. 'Yata ta ɗauko ni daga Birmingham ta kawo ni flat ɗinta a unguwar Whalley Range, can wani birnin, wai na ɗan lokaci. Kullum ina cewa idan na ji sauƙi zan koma gida in gyara ɗakin babana in ƙarasa a can, su kuma su ce in sha Allahu, Mama. Amma na lura idan na shigo falo sai magana ta koma Turanci mai sauri, a ƙasa-ƙasa. Na san wannan muryar. Da ita aka yi wa Kaka magana.

Akwai jikata ƙarama, mai baki kamar reza, Hausarta duk a karye. Ranar Asabar na kira ta ɗaki na ce ta rufe ƙofa. Na ce, kishiya, me uwarki take ɓoye mini?

Ta kama gefen mayafina tana wasa da shi. Sannan ta ce, “Mum ta ce gidanku na Nigeria ya faɗi tun last year. Ta ce ba za ki koma ba. Ta ce kar a gaya miki.”

Na ce Allah ya yi miki albarka. Na kuma ce idan uwarta ta taɓa ta a kan wannan magana, ta zo ta faɗa mini.