Zuwa Mbalmayo Neman Shukar Ramin Malam

Kwana tara da fitata takaba saƙon ya iso. Wani direba ya tsaya ƙofar gidanmu a unguwar Birketiri ta Yawunde, ya ce Mama Ngono ta Mbalmayo tana gaida mijina Malam Sule tela, kogi ya janye, ya je ya zaɓi shukarsa. Ba ta ji rasuwar ba. Na yi masa godiya, na koma ciki.

Gidanmu a gangare yake, ruwan da ke saukowa daga wajen unguwar Tsinga ɗakina yake shiga. Shekarun matsin nan ba mai kuɗin siminti, sai Malam ya haƙa rami a tsakar gida, ya ce shuka za ta shanye ruwan. Na dasa lalle da zogale, irin na garin kakanninmu. Duk suka ruɓe.

Yawunde zuwa Mbalmayo

Biyar da rabi na asuba muka fita, ni da Yaya Asabe. Taksi ya kai mu tashar Mvan, muka shiga ƙaramar bas, dala ɗari kowa, wato sefa ɗari biyar. Shingen jandarma biyu muka wuce. A na biyun Yaya ta miƙa katin asibiti maimakon na shaida, jandarman ya yi mata fatan samun sauƙi, mota ta ɗauki dariya. Kilomita kusan hamsin ne, takwas saura kwata muka sauka.

Bakin kogin Nyong

Mama Ngono manomiyar rogo ce, Malam ke yi mata ɗinki. Da na gaya mata rasuwar, ta zauna, ta daɗe tana shafa rigar jikinta. Aikinsa ce. Ta ba mu dafaffen rogo da gyaɗa, sannan ta ɗauki adda muka gangara.

Na kai hannu ga ciyawar da ke cikin ruwa, ta buge shi. Ta ce wannan rani zai kashe ta, ta kan tudu kuma ruɓewa za ta yi kamar lallena.

"'Yata, nemi wadda laka ta bar wa alama a kara, amma tana nan kore. Ita ta san ruwa, ta san rana."

Yaya ta tuge wata doguwa, ta shinshina saiwar. "Ke Hajara, kajiji ne! Shekara talatin ina sayensa don turare, ashe a laka yake kwana."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Rabona da dariya tun kafin Malam ya kwanta.

Muka ɗebi kajiji na ƙasan rami, citta ta gefe, shuwaka ta baki. Na so tukurwa, Mama ta ce za ta cinye mini tsakar gida.

Komawa

Direba ya yi ƙorafin laka, Yaya ta yi masa alkawarin miyar shuwaka in ta tsiro. La'asar muka iso, kafin magariba mun dasa.

Rana ta uku aka sheƙa ruwa. Ramin ya cika, da gari ya waye ya tsotse. Tabarmata a bushe take, sai lungun gabas kaɗai. Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Mama Ngono da Yaya, Ya jiƙan Malam.

Akwai magudanar da Malam ya fara haƙawa daga lungun, saura taku huɗu ta kai ramin. Ban taɓa ta ba tukuna.