Taɓaryar da Hadiyya Ta Saka a Littafi

Duk Zongon Wagadugu babu wadda ta kai Hadiyya mai suyar kifi zagin marubuta. Ko ɗaya ba ta taɓa gani da ido ba, amma tas take yi musu, sai ka rantse gida ɗaya suke haya. Gajeriya ce kakkaura, ta haura arba'in, haƙorinta ɗaya na gaba babu shi. Tsohon mijinta ne ya cire mata shi da gwiwar hannu. Washegari ta kinkimi kaskonta ta bar masa gidansa na Cissin, har yau ko ƙeyarta bai sake gani ba.

Littattafan soyayya da na kisan kai daga Kano suke zuwar mata, wani ɗan kasuwa ke saƙo su cikin dilar atamfa. Ubanta mai fataucin goro ne, tana ƙarama ya kai ta riƙo Katsina, can ta koyi karatun Hausa. Sauran matan unguwa lakwal suka yi, wato bokon ƙasar, Faransanci suke karantawa. Hausa a bakinsu take raɗau, amma miƙa musu ita a takarda ka ga an yi tsuru-tsuru kamar an ba su rubutun likita. Shi ya sa duk Asabar bayan la'asar mata goma sha huɗu ke cika tsakar gidanta, kowacce da wuƙarta. Su gyara mata kifin suya, ita ta kifa turmi ta zauna ta buɗe littafi. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Ba ta da ɗa, ba ta da miji, wannan zaman shi ne danginta.

Ba ta iya shafi biyu ba ta tsaya ta yi sharhi ba.

"Ku ji wannan don Allah. Wai ya soka masa wuƙa a ƙirji ta shige har ƙota. Ƙashin fa? Ya tafi ganin gida? Wannan marubucin ko tarwaɗa bai taɓa farkewa ba."

Yaba Mamunatu, tsohuwar zaman, takan ce, "Ke dai karanta, uwar iyayi. In kin fi shi iyawa ki rubuta naki."

Da Yaba ta san abin da take faɗa! Don akwai ra'ayi ɗaya da Hadiyya ba ta taɓa furtawa ba. Littattafan soyayyar nan, shafi ɗari biyu ana jibgar yarinya tana kuka, sai a shafi uku na ƙarshe mugun ya zo da sabuwar mota da ban haƙuri, ta durƙusa ta gode. Hadiyya kuwa ba ta ga motar da za ta mayar mata da haƙori ba. Saboda haka in ta zo shafukan ƙarshe, idonta na bin layi, yatsanta na bin layi, bakinta kuma na can wani gari. Ta jefa mazaje a rijiya, ta kifar da motocinsu, ɗaya har kura ta aika masa a tsakiyar birni. Mata su yi ta guɗa suna cewa lalle marubutan Kano ba su da wasa.

Bara aka kawo wata amarya unguwar, Ni'ima, matar Abduljalil mai gyaran moto, wato babur. Yayarsa Rokia ce ta jawo ta zaman. Rokia ma'aikaciyar ofis ce, wuƙa ma da yatsa biyu take riƙewa kada ƙarni ya taɓa ta. Wata uku ba a yi ba Ni'ima ta fara faɗowa daga moto. Wannan Asabar leɓe ya fashe, waccan ido ya rufe. Moton nan dai bai taɓa ƙuje mata gwiwa ba, fuska kaɗai ya sani. Kowa ya gane, kowa ya ci gaba da kankare kifinsa.

A lokacin wani littafi mai jan bango ake karantawa, mijin ciki ma da bel ɗin wando yake gaisawa da matarsa. Ranar da za a gama, Ni'ima ta shigo tana jan ƙafa, ta zauna a hankali, mayafinta ya zame. Hadiyya ta ga shatar sarƙar moto kwance a bayanta, ƙwaya-ƙwaya, har da jini. Ta sunkuyar da kai ga littafi. A takarda, mijin ya kwanta ciwo, matar ta yi jinyarsa, ya yi kuka, an shirya. Hadiyya ta gyara murya.

"Ya ɗaga hannu zai sauke mata. Ba ta gudu ba, ba ta yi ihu ba. Ta ja da baya taku ɗaya, ta rarumi taɓarya. Ba kansa ta nufa ba, ba ta son zaman kurkuku. Wuyan hannu ta auna, daidai inda agogo ke zama. Ji kake ƙas!"

Aka yi guɗa. Rokia ma ta tafa. Ni'ima ce kaɗai ba ta yi dariya ba, tana ta kallon wuyan hannunta.

Litinin da safe Abduljalil ya ce benga, dafaffen waken karin kumallo, ta huce, ya sauko da sarƙar daga ƙusa. Maƙwabta sun ce ƙarar da suka ji ba ta mace ba ce. Suka tarar da shi yana birgima a bakin murhu, hannun dama ya lanƙwashe ta inda Allah bai yi masa gaɓa ba, Ni'ima na tsaye da taɓarya. Aka kai shi ɗori, ita kuma ta tafi gidan innarta a unguwar Dapoya.

Rokia ta yi rantsuwa sai ta ga marubuciyar da ke koya wa mata karya mazaje. Ta bi ƙawayenta har aka turo mata littafin a waya, wata 'yar Kano na karanta shi da murya. Ta saurara har ƙarshe. Babu taɓarya. Ta mayar baya ta sake ji. Ko muciya babu.

Asabar ta zo, Rokia ta shigo ba sallama, ta ɗaga waya sama.

"Kafin ki buɗe wannan bakin mai taga, kowa ya ji."

Muryar 'yar Kano ta cika gidan. Ga jinya, ga kuka, ga durƙuso. Wuƙaƙe suka tsaya. Hadiyya ta ce, "To, an ji. Muryarta ma kamar ta mai mura."

Rokia ta ɗauki robar ruwan kifi ta sheƙa mata a fuska, hanji da jini har cikin baki. Kafin Hadiyya ta share ido an damƙi wuyanta, an buga kanta da turmi. Goshi ya tsage. Matar da ke riƙe wuƙa da yatsa biyu, ashe duka goman suna aiki. Hannun Hadiyya ya faɗa kan wuƙarta ta farke kifi, ta ji ƙotar ta zauna mata daram. Ta san inda ƙashi yake, ta san inda babu. Sai ta wurgar da ita bayan randa, ta kafa wa Rokia sauran haƙoranta a damtse. Suka yi ta birgima cikin ƙayar kifi, zani a gefe, har ƙafar Rokia ta doki kaskon mai, Allah ya sa ba a hura wuta ba. Yaba Mamunatu ce ta raba su da sandarta, kowacce ta samu uku-uku a gadon baya.

"Ƙanina ba zai riƙe sifana ba sai bayan wata uku!" in ji Rokia tana haki. "Ƙaryarki ce ta karya shi!"

"Sarƙarsa fa, ni na rubuta ta?" Hadiyya ta tofar da jini. "Kina zaune nan kina ganin bayan yarinyar, kika ce moto ne."

Yaba ta dogara sanda. "Hadiyya, dube ni. Littafi nawa kika yi mana haka?"

Hadiyya ta share jinin goshinta. Ta dubi fuskoki goma sha uku. "Duka, Yaba."

"Alhajin nan da ya faɗa rijiya?"

"Ya aure ta. 'Yan biyu ta haifa masa."

"Wanda kura ta ci fa?"

"Yana nan lafiya, har Makka ya kai ta."

Yaba ta yi salati. "Shekara goma sha ɗaya ina yi wa ƙattai Allah ya ƙara, ashe suna can suna cin shinkafa!"

Ba wadda ta yi dariya. Rokia ta ɗaura zani ta ce duk mai son littafi na gaskiya ta zo gidanta, waya ba ta ƙarya. Ɗaya bayan ɗaya suka tsinci wuƙaƙensu suka fita. Hadiyya ta gyara kifinta ita kaɗai, jini na ɗiga a roba, ba ta san nata da na karfasa ba.

Asabar ta gaba ta share tsakar gida, ta kifa turmi, ta zauna da tsumma a goshi. La'asar ta wuce. Ta fara jawo robar kifi ke nan ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Yaba ce, da mata biyar a bayanta. Ta ƙarshe Ni'ima, ta hawo moto tun daga Dapoya, kuma ba ta faɗi ba.

"Tanti, sannu da jiki," in ji ta, ta karɓi robar.

Sauran takwas ba su zo ba, har yau wasunsu ba sa amsa gaisuwarta. Yaba ta zauna da nishi.

"Mun je gidan Rokia ran Laraba. An gama wani littafi, matar ta durƙusa wa mugun, na kasa cin tuwo. Amma ba za ki sake mayar da ni sakarai ba. Daga yau ƙarshe biyu za ki riƙa yi mana. Ki fara karanta na marubuciyar, tsakaninki da Allah, mu zage ta."

"Sannan fa, Yaba?"

"Sannan ki rufe littafin, mu ga kin rufe, ki kashe mana shi."

Hadiyya ta lashi yatsa ta buɗe shafin farko, tana murmushi ta tagar haƙorinta. Layi huɗu ta yi ta tsaya.

"Ku ji wannan don Allah. Wai an fasa mata goshi, ta tashi da kwalliyarta ba ta goge ba."