Moton Kawu a Bakin Rijiya

Ni fa ban nemi shiga wannan magana ba. Ina zaune garaji a Tasawa ina korar ƙuda, Inna ta aiko a kira ni. Na je na tarar har ta zuba mini makullaina na gyara a buhu ta ɗaure. Wai in tahi can bayan Urafane, moton ƙanenta, wato babur ɗinshi, ya ƙi tashi. Na ce, "Inna, kawu ai makiyayi ne, mi ya haɗa shi da moto?" Ta ce in na isa in tambaye shi da bakina, tunda bakin kaɗai ne ke aiki a jikina.

Shekarar da sojoji sunka karɓi mulki ce. Iyaka a rufe, kuran, wutar lantarki ke nan, ya zama baƙo, esansi kuwa, man moto, sai dai ka shinshina a kwalbar wani. Ruwan sama ma ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba. Ni kuma lakwal, makarantar boko, ta sallame ni tun ban iya komi ba, amma na taɓa buɗe moto mai bateri sau biyu, ɗaya har ya tashi. A unguwarmu wannan ya isa a ce maka injiniya.

A amalanken jaki na ƙarasa. Mai amalanken bai so hira ba, ni ma da na fara ganin mushen shanu a gefen hanya sai bakina ya mutu.

Na tarar da kawu a bakin rijiya, shanunshi sun kewaye komin ruwa suna lasar busasshen siminti. Garken da na sani ina yaro, yanzu ko inuwar gawo ɗaya ba su cika ba. Rijiyoyin can zurhi gare su, ba a ja da hannu. Takarkari ake ɗaura wa igiya, ya yi ta tahiya har wasaki ya hito, wannan babban gugan fata. Takarkarin kawu ya faɗi tun farkon rani. Ɗanshi da ke cin rani a arewa ya bar mishi moto mai bateri da pano na rana mai cika baterin, don zuwa kasuwa. Kawu ya dubi moto, ya dubi igiya, ya ɗaura.

"Kawu, sannu da zama direba. Ina permin tuƙi?"

"Ɗan birni, ajiye surutu ka duba shi. Jiya ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya tsaya."

Irin wannan moton, injinshi na cikin cibiyar tayar baya. Na cire tayar, na shimfiɗa buhu, na kwance murfi. Sai ga jan ruwa ya tsiyayo mini a ƙafa. Mayen ƙarfen da ke jere a ciki duk sun yi tsatsa, wasu sun ɓalle suna gugar bobin, wato naɗin wayar tagulla.

"Kawu, wa ya shayar da shi?"

"Ni. In ya yi zahi har hannu ba ya taɓuwa, sai in kwara mishi ƙwarya guda. Takarkari in ya jigata ba haka ake mishi ba?"

"To saura ka ba shi dusa da kanwa."

Bai yi dariya ba. Matarshi da ke riƙe da bakin wasaki ce ta ɗan murmusa, ta juya kai.

Na kankare tsatsa da yashi da tsumma, na shanya komi a rana, na manne mayen ƙarfen da kol, na toshe bakin murfi da tsohuwar robar taya. Kafin kol ya kama, shanu sun yi wuni biyu suna shan abin da maƙwabta sunka rage musu a gindin komi. Wata saniya mai farin goshi, wadda aka ce gadon kakarmu ce, ta kwanta, sai da munka kama wutsiya munka tashe ta.

Moto ya tashi. Wasaki ya hito cike, shanu sunka ruɗe da ture-ture. Na ji kaina ya kumbura, na tsaya na yi wa kawu lacca: ba a zuba mishi ruwa, ko ɗigo. In ya yi zahi a kai shi inuwa ya huce. An yi shi ne don gudu a kan hanya iska na hura shi, ba don jan kaya a hankali cikin rairayi ba.

Kawu ya saurare ni har na gama. Sannan ya nuna mini layin makiyaya da ke jira da igiyoyinsu. Rijiyar ta mutanen gari ce. Mata ke fara ɗiba da sahe, makiyaya sai rana ta take, kowa da ɗan lokacinshi. In ka tsaya, na bayanka ya zura nashi wasakin.

"In na kai shi inuwa, wa zai riƙe mini layi?"

Na tattara makullaina. Na ce dai ya yi ƙoƙari, na hau amalanke na koma Tasawa.

Wata bai cika ba Inna ta sake ɗaure buhu. Wannan karon ban ko yi gardama ba.

Tun kafin in buɗe murfi na ji warin. Bobin ya ƙone ƙurmus, wayar ta yi baƙi kamar gashin da wuta ta lashe. A ciki kuwa ƙayau, babu ɗigon ruwa. Ashe kawu ya ji maganata. Bai zuba ba, bai kuma tsaya ba. Na zauna da tayar a cinya na daɗe. Sabuwar cibiya sai daga ƙetaren iyaka, iyaka kuwa ko allura ba ta wucewa ta hanyar da na sani.

"Fini, kawu. Wannan ko wanda ya ƙera shi ya zo sai dai ya yi mishi addu'a."

Ya ce to. Na duba cikin shanu ban ga mai farin goshi ba, ban kuma tambaya ba.

Layinshi ya zo. Ya kwance igiya daga jikin moto, ya naɗe rawaninshi a ƙugu, ya ɗaura igiyar a kai. Dattijo ne fa, ƙafafu kamar sillen kara. Ya duƙa ya fara takawa cikin sawun da tayar ta bari, rairayi na cinye mishi ƙafa.

Na bi shi ina magana. Na ce ya sayar da biyu ya sayi jaki. Ya ce wa ke sayen ƙashi da fata a bana. Na ce ya kora su kudu. Ya ce kudun da anka rufe? Raina ya ɓaci, na sha gabanshi.

"Kawu, ƙarfe ma ya ƙone a aikin nan! Kai da mi anka yi ka? Rana tsaka, za ka faɗi ne kamar takarkarinka!"

Ya tsaya yana haki, igiya ta miƙe tsam a bayanshi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ni in na yi zahi a kwara mini ruwa, ba ni tsatsa. Kama igiya ko ka kauce mini."

Na ajiye makulli na kama.