Injin da Aka Shayar da Zamzam

Har yau in na bi ta kasuwar Misfala sai wani ɗan banza ya ɗaga murya: "'Yar sama jannati, yaushe za a harba mu?" Ba na so, kuma na faɗa. Ni na yi zaman gidan yarina na gama, wanda ya ɗora ni a hanyar kuwa yana wata ƙasa yana shan iska, ba mai yi masa waƙa. Tunda sunan ya bi ni, gara ku ji daga bakina, ku yaran da ba ku ɗaga kai daga waya.

A nan Makka aka haife ni, kuma a da uwar adashi ce ni. Matan da suka zo hajji suka zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, banki ba ya buɗe musu ƙofa, ni ce bankinsu. Ko alif ban sani ba a lokacin, amma ban taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Sai Basiru, wani mai sayar da wayoyi a unguwar Shisha, ya same ni. Ya ce, "Hajiya, akwai injin da ke haƙo kuɗi a intanet, kirifto ake ce wa kuɗin. Zafi kaɗai ne maƙiyinsa, shi ya sa muka kai su kan dutsen Hada, hanyar Ɗa'ifa, inda Allah ke raba sanyi kyauta." Na zuba kaɗan, kafin wata ya fita sai ga awarwaron zinare a hannuna. Wallahi rawa na taka a tsakar ɗaki! Na ce wa matan adashina su zo su ga arziki.

Muka cika bas muka hau dutse, kunnuwa na toshewa, birai na leƙen mu, mata na shewa. A wani ɗaki muka tarar da akwatunan ƙarfe jere, suna gunji, 'yan fitilu na ƙyaftawa. Inna Tumba, wata tsohuwar Damagaram mai sayar da hatsin tattabaru, ta zaro gorar zamzam ta tuttula wa ɗaya a hanci, tana cewa, "Sha albarka, ɗan nan."

Basiru ya yi tsalle: "Inna, wuta ce fa!"

Ko tartsatsi bai yi ba. Ni kuwa na taɓa kashe rediyona da 'yar guntuwar ruwa, na san abin wuta ba ya shan ruwa ya zauna lafiya. Na duƙa na leƙa ta ramukan. Fanka ce da 'yar fitila daga can gefe, sauran cikin fayau. Basiru ya ga na gani. Mata na guɗa wai inji ya karɓi zamzam, shi kuma ya matso ya ce a hankali, "Kasonki ya ninka." Na dubi awarwarona, na ja bakina na yi shiru. Daga wannan shirun na zama ɓarauniya.

Da riba ta fara jinkiri, ya ce in gaya musu dutse ya yi mana kaɗan, sararin samaniya za a harba injinan, can rana ke ba da lantarki. Na ƙara gishirina, na ce iskar can ta fi ƙanƙara sanyi. Aka yi ta rububi! Inna Tumba ta kwanto guzirin da take tarawa don ta koma gida ta ga jikokinta, ta ce, "'Yata, ki sa ni a na saman."

Basiru ya ɓace. Masu takardu suka kai ƙara, marasa iƙama ko kuka a fili ba su iya yi ba. Ni aka kama, kuma daidai ne.

A gidan yari na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata. Ranar da malama ta ce babu iska a sararin samaniya, na fashe da dariya har aka kore ni daga aji. To me fankar za ta hura?

Ku ji ni da kyau. Duk wanda ya ce muku riba tana can sama inda ido ba ya kai, ku ce ya buɗe akwatin. In kun leƙa kun ga wayam, ku yi ihu nan take, ko da an cika muku hannu da zinare.

Da na fito na iske Inna Tumba a bakin hanya da tirenta, ta ƙara rankwafewa. Ta ce, "'Yata, injina ya sauko?" Ba gatse take ba. Ita duk a ganinta Basiru ne ya gudu da riba, injin da ya sha zamzam yana nan yana aiki. Na durƙusa na gaya mata abin da na gani a dutse.

Ta ce, "Kin gani, kika bar ni ina guɗa?"

Washegari na riga ta zuwa. Na sayar da kujerun ɗakina na sayo buhun hatsi, na baje a gefenta, na ce duk cinikin nata ne har ranar da za ta hau jirgi. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta dai turo mini gwangwanin awo da ƙafa, ta ce, "Ki cika shi, ɓarauniya, ina kallon ki."