Malam Irmiya Ya Tafi Ɗauko Mode

Malam Irmiya ya sauka Sakkwato shekarar da aka sauya kuɗi zuwa naira, da akwatin ƙarfe da matarsa Rahila. Mutumin Zonkwa ne, kuma shi ya koya mana labarin ƙasa. Ban taɓa ganin mai tambaya irinsa ba. Zai tare mai jaki ya ji daga ina ya koyi ɗaurin mangala, ya tsayar da mai fura a kan dalilin da ya sa tasu ta fi tsami. A aji yakan ce al'ada tafiya take yi kamar fatake, tana sauka inda aka ba ta masauki. Mu dai dariya muke yi, don har goro sai ya tambayi asalinsa kafin ya ɓantara.

A Unguwar Rogo ya kama haya, katanga ɗaya da wani dattijo manomi, Yari. Duk yamma suna kan tabarma guda, ɗaya na tambaya, ɗaya na amsawa har ya gaji.

"Mallam, kai ba ka gajiya?" in ji Yari wata rana. "To ga tawa tambaya. In ni riga ka, kana raka ni makwancina?"

Malam ya ce ko da rarrafe. Ya riƙe maganar nan da gaske, don har mu sai da ya gaya wa.

Bayan shekara huɗu Yari ya cika, wata Talata da sanyin safiya. Malam na jin kuka ya leƙa, ya tambayi Tani matar mamacin ko an gaya wa Mode. Mode shi ne babban ɗa, yana aikin dam a Talata Mafara. Ta ce ba wanda ya tafi.

A garinsu Malam ba a sa uba a ƙasa babban ɗansa bai iso ba, ko za a kwana biyu ana jira. Bai yi shawara da kowa ba, ya zari hularsa sai tasha. Har yau abin na ba ni haushi. Mutumin da ya san dalilin tsamin fura, ya kuma sha ganin makara na wucewa da hantsi, ranar da abin ya zo kansa sai ƙafarsa ta bi al'adar garinsu.

Ya sha wuya kafin ya gano Mode cikin ɗaruruwan leburori. La'asar sakaliya suka iso unguwa, suka tarar da mutane zaune a kan tabarmi ana karɓar gaisuwa.

"Yaushe za a kai shi?" in ji Malam.

Liman ne ya amsa masa a hankali.

"Ai tun hantsi munka kai shi, Mallam. Mun aika a kira ka har sau biyu."

Mode ya zauna cikin 'yan'uwansa ana yi masa ta'aziyya, don shi ya san haka zai tarar tun suna mota. Malam ya daɗe a tsaye, sannan ya juya wurinsa.

"Ka sani, ba ka gaya mini ba?"

"Na ga kana sauri, Baba," in ji Mode. "Ban iya ba."