Alhaji Dauda da Jagoransa Marar Sallama

Duk wanda ya taɓa shiga motar marigayi Alhaji Dauda Mai Buhu ya san cewa bawan Allahn nan bai taɓa tambayar hanya ba. A ganinsa, dattijo ya sauke gilashi ya ce wa wani "ina hanyar wuri kaza" daidai yake da shiga kasuwa babu hula. Mu da muka yi zaman majalisa da shi a Birnin Kudu tun gemunmu yana baƙi, mun sha ziyartar garuruwan da ba mu yi niyya ba. Mun taɓa nufar Kangire ta'aziyya, muka tsinci kanmu a Yalwan Damai. Ko a jikinsa! Ya gyara zaman hula ya ce, "Dama akwai wanda nake son gani a nan."

Da abin ya ishi babban ɗansa, sai ya lallaɓa shi zuwa Kano domin a zaɓa masa na'urar nan mai nuna hanya a mota, ni kuma aka ce in raka su. Mai kanti ya baje su bisa tebur, yana yabon girman allon wannan da sabuwar taswirar waccan. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Malam, ba a ɗaukar abokin tafiya sai an binciki asalinsa. Wannan ɗan ina ne?"

"Daga Sin aka kawo shi, Alhaji."

"Ya taɓa zuwa Gwaram?"

"Ai daga sama yake hango ta, ta tauraron ɗan Adam."

"To, ɗan leƙe ne ke nan. Kunna mu ji."

Aka kunna, sai ga muryar mace. Alhaji ya ja da baya. "A'uzu billahi! In kama hanya daga ni sai matar da ban san waliyyinta ba?" Aka laluba aka samo wata murya mai kauri ta namiji. Sa'an nan ya zaɓi mafi ƙanƙantar allo, wai jagora mai kunya ba ya cika wa mai gida fuska. Tun daga ranar nan sunan na'urar ya zama Malam Jagora.

Sai dai Malam Jagora Turanci yake yi, kuma ba ya sallama. Ni da na yi karantarwa a firamare na zama tafinta. Ran farko na ce, "Ya ce ka yi hagu."

"Haka kawai? Babu ko Alhaji? Ni sa'ansa ne?" Ya yi dama.

Daga nan na gane aikina. In na'ura ta furta kalma biyu, sai in ce, "Yana gaisuwa, ya ce ranka ya daɗe, in babu takura, hagu ta fi." Alhaji ya gyaɗa kai: "Yanzu ya fara samun tarbiyya."

Ana haka sai aka sa ɗaurin auren 'yar ƙanensa marigayi a wani ƙauye gaba da Fagam, bayan sallar Juma'a. Shi ne waliyyi, in babu shi sai dai a ɗaga. Damina ce, gero ya rufe ko'ina, ga rana tana gudu. Muka iso wata mararraba, bakina cike da goro, hankalina yana kan agogo, sai kawai na ce, "Hagu!"

"Ashe halin nasa yana nan," in ji Alhaji, ya murɗa sitiyari dama.

Hanya ta yi ta tsukewa har ta ƙare a bakin rafi. Ga wani manomi tsaye da fartanya yana kallonmu. Na ce, "Alhaji, yarinyar nan marainiya ce, kai kaɗai take jira. Tambayi manomin nan hanya."

Wallahi sai da gumi ya karyo masa. Ya fita a hankali, ya yi wa manomin gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ruwa, ya tambayi yabanya, kana ya ce, "Gidan Liman fa, yana nan lafiya inda na bar shi?"

"Yana nan lafiya, Alhaji, sai dai ka ba shi baya. Ka koma mararraba ka yi ɗaya hannun."

Muka isa ana shirin tashi. Alhaji ya zauna gaban liman yana haki, ya ba da aure, aka shafa fatiha. A hanyar dawowa, sai da muka wuce Gwaram sa'an nan ya ce, "Malam Sani, kai shaida ne: lafiyar gida na tambaya." Can kuma ya dubi na'urar. "Amma mutumin nan yana da haƙuri. Na saɓa masa, bai ce mini 'ai na faɗa maka' ba. Ba kamar wasu ba." Ya harare ni.

Jiya yarinyar nan ta kawo mini ɗanta in sa masa albarka, har ya fara tatata. Na riƙe shi, idona ya cika. Ya Allah, Ka gafarta wa Alhaji Dauda, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka saka masa da alheri bisa riƙon marayu. Amin.