Malamar aji biyu da littafin kurakuranta

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana koyar da aji biyu kafin ta gane cewa ɗalibanta ba karatu suke yi ba, waƙa suke yi. Wata safiya ce, ta rubuta kalmomin jiya a allo amma ta sauya musu wuri. Ta ɗora sanda a kan "gida", yara saba'in da uku suka ɗaga murya suka ce "rana", domin ita ce ta farko jiya.

Daga ranar ta shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa. Tara ne kaɗai suka iya karanta jimla. Wasu sun san baƙaƙe amma ba sa iya haɗa su, wasu kuwa ko "b" da "d" ba su rarrabewa. Ta sayi babban littafi mai bango baƙi, ta ware wa kowane yaro shafi, tana rubuta kuskuren da yake yi da abin da ta gwada a kansa. Ta riƙa tsintar kwalaye tana yanka katin baƙaƙe da almakashin maigidanta, wanda tela ne. Kullum yana mitar cewa ta dasashe masa almakashi, wai ya auri malama ya ƙare a yaron shagonta, amma shi ne yake daidaita mata gefen katin.

Ba wanda ya koya mata wannan a ofis. Duk lokacin da takardar horar da malamai ta zo, shugaban makaranta mataimakinsa yake turawa, mutumin da ya shekara takwas bai riƙe alli ba. Sai ya dawo da jaka da takardar shaida. Sau ɗaya ta roƙe shi ya ara mata takardun da aka raba musu, ya ce ta dawo gobe. Da ta dawo ta iske ya ninke su ya tokare ƙafar teburinsa da ke rawa. Abin da ta samu na ilimi, wurin wata tsohuwar malama ta same shi a makarantar da ke ƙetaren titi. Takan je ta zauna a bencin baya kamar ɗaliba, ta kalli yadda ake yi, ta dawo ta gwada.

A ƙarshe ta raba ajinta rukuni uku, ta juya bencina suna kallon juna. Kowane mako biyu tana sake gwaji, wanda ya motsa ya sauya rukuni, kuma ba ta taɓa barin yaro ya san wane rukuni ne sama ba. Kafin zangon ya ƙare, masu karanta jimla sun kai talatin da ɗaya.

Ana haka mai duba makarantu ya zo. Bai tambayi yaro ko ɗaya ya yi karatu ba. Ya ga bencina a karkace, ya ji hayaniya, ya buɗe manhaja ya ga tana bayan sauran azuzuwa da mako uku. A gaban yara ya ce mata nan aji ne, ba kasuwa ba. Ta yi ƙoƙarin bayani, ta miƙa masa littafinta don ya gani da idonsa. Ya ɗan bubbuɗa, ya sa a hammata, ya ce zai tafi da shi ya bincika. Bayan kwana huɗu takardar gargaɗi ta iso, shugaban makaranta ya tsaya a kanta har aka mayar da bencina layi-layi.

Ta yi kwana biyu ba ta iya cin abincin kirki. Daga baya ta samo dabara: in an shiga aji su juya bencina, in an kusa tashi su mayar. Littafin kuwa, sau uku tana zuwa ofishin mai duba makarantun ana ce mata ya fita.

Shekara biyu bayan haka mataimakin ya kwanta rashin lafiya, babu yadda aka iya, aka tura ta horo karo na farko a rayuwarta. Ta shiga zauren ta samu kujera a tsakiya, ta buɗe sabon littafi za ta ɗauki darasi. Mai gabatarwa shi ne mai duba makarantun nan. Ya kunna na'urar haska bango, sai ga shafin littafinta, da rubutun hannunta, har da ɗigon man gyaran keken ɗinki da ya taɓa zuba a gefe. An dai rufe sunayen yaran. Ya ce wannan sakamakon binciken da ya shafe shekaru yana yi ne.

Tana ganin in dai abin zai kai ga yara, ya ɗauki sunan ya je da shi. Amma sai ya ci gaba. Ya ce a raba aji uku tun farkon shekara, masu ƙwaƙwalwa, matsakaita da daƙiƙai, kowa ya zauna inda aka sa shi har shekara ta fita, daƙiƙai a baya don kada su hana sauran. Malamai kusan ɗari suna ta rubutawa.

Nan ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, rubutun nan nawa ne, kuma ba haka ake yi ba. Yarinyar da ke wannan shafin, da an bar ta a baya shekara guda, da yanzu ta bar makaranta. Mako shida kawai ta yi a rukunin masu koyon baƙaƙe. Yau ita take karanta wa kakarta takardar asibiti."

Mai gabatarwar ya gyara tsayuwa ya ce da ita, "Malama, zauna, akwai lokacin tambaya." Lokacin tambayar bai zo ba, don da ya gama ya ce rana ta yi.

Ba a sake tura ta horo ba. Shugaban makaranta ya kira ta ya ce ta zubar masa da mutunci a gaban manya, ita kuma ta tambaye shi ko manyan sun dawo da littafin. Amma a ranar, a bakin ƙofar zauren, malamai biyar suka tare ta suka karɓi lambar wayarta. Tun daga nan, duk Asabar da hantsi suna haɗuwa a ajinta, ɗaya ya koyar, sauran su zauna a benci su faɗa masa gaskiya. Yanzu sun kai goma sha huɗu, ita ma tana shan gyara a wurinsu.

Takardar da ofis ya rarraba wa makarantu kuwa ta fita yadda mutumin ya faɗa, ba a sauya ko kalma ɗaya ba. Kwanan baya wata sabuwar malama ta gaya mata cewa a makarantarsu har akwai bencin da yara suke kira bencin daƙiƙai, kuma wani ɗan shekara bakwai da kansa yake zuwa ya zauna a kai tun kafin a ce masa. Malamar aji biyu ta ajiye allin da ke hannunta, ta tambayi wace mota ake shiga zuwa can, da ƙarfe nawa shugabansu yake isowa.